Zancen koyar da Turanci a Chana: amsa ga ƙanena

Ƙanena, saƙon muryarka ya iso, har sau biyu na saurara. Ka ce ka gama bautar ƙasa, digirin Turanci yana hannu, kuma wani ya gaya maka idan ka shigo Chana da bizar karatu, da yamma sai ka riƙa koya wa 'yan sakandare Turanci kana kwasar kuɗi. Wanda ya ba ka labarin nan, ɗumame ya ba ka.

Fara da sanin abin da yaran suke karantawa. A yawancin wurare yaro yana soma Turanci tun aji uku na firamare. In ya yi shekara uku a ƙaramar sakandare, sai ya zauna jarrabawar da suke kira zhongkao a watan Yuni, ita ce ke raba hanya: ko babbar sakandare mai kaiwa jami'a, ko makarantar koyon sana'a. Manyan darussan uku ne, Sinanci da lissafi da Turanci. A gaokao kuwa, wato jarrabawarsu ta shiga jami'a, Turanci kaɗai maki 150 ne cikin 750 a mafi yawan larduna. Don haka uban yaro bai damu ɗansa ya iya hira da bature ba. Maki yake nema.

Na gane haka ne a hannun ɗan mai gidan da nake haya a nan Wuhan, yaro ɗan shekara 14. Ran nan ya hawo sama da littafin atisaye, babansa a bayansa da ledar lemo. Tambayar ita ce wanne za a cike gurbi da shi, "has been to" ko "has gone to". Nan take na nuna masa amsa. Ya ce me ya sa? Na buɗe baki, na rasa ta inda zan kama. Kunnena ya san daidai, amma yaron ƙa'ida yake so, mai suna, kuma da Sinanci, irin yadda malamarsa take zana musu a allo. Wallahi yaran nan sun fi ni sanin sunayen sassan nahawu, duk da cewa in ka tambayi ɗayansu hanyar kasuwa da Turanci sai ya sunkuyar da kai.

Kurakuransu kuwa daga harshen uwa suke tasowa, kamar namu. Aikatau a Sinanci ba ya sauya kama. Ka ambaci "jiya" ko "gobe" kawai, shi ke nan an gane lokaci, shi ya sa za ka ga ya rubuta "yesterday I go". Wannan bai ba ni mamaki ba, mu ma ai "na tafi" da "zan tafi" muke cewa, ɗan guntun da ke gaba ne yake ɗauke da lokacin. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne "he" da "she". Bahaushe tun yana goye ya san shi da ita, su kuwa a baki duk "ta" ne, sai a rubuce ake rabewa, don haka yaro zai fara labarin mahaifiyarsa, kafin ya kai ƙarshe ta koma namiji. Ba su da abin da ya yi kama da "the", alhali mu muna da "yaron" da "wani yaro". Mutanen lardin Hubei, inda Wuhan take, kuma "n" da "l" na sarƙe musu, "night" da "light" duk ɗaya. Ban cika yi masa dariya ba dai, don shi ya fara kama ni ina ce wa "paper" "fefa".

Ɓangaren karatu da fahimta dabara ce tsagwaronta. Kalmomin da ake son su riƙe kafin zhongkao wajen 1,600 ne. Ana ba su gajeren labari da zaɓi huɗu, da wani labarin da aka cire wa kalmomi su cike. An horar da su su fara karanta tambaya, su ja layi a ƙarƙashin kalmar da za su farauta, sannan su koma kan labarin. A rubutun wasiƙa kuma sau da yawa sai a ce ka ɗauka kai ne Li Hua, wani ɗalibi na ƙirƙira da kowane yaro ya sani. Duk wannan malaminsu na gida ya fi ka iyawa nesa ba kusa ba.

Saura maganar doka, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. A watan Yulin 2021 gwamnati ta fito da tsarin rage wa yara nauyin aikin gida da na darasin bayan makaranta. Aka hana darasin kuɗi na manyan darussa ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare a ƙarshen mako da lokacin hutu, aka hana cibiyoyin cin riba da shi. Babban kamfani irin New Oriental dubban ma'aikata ya sallama. Kasuwar da mai ba ka labarin yake tunawa a lokacin ta watse.

Ko kafin haka ma, bizar X ta ɗalibi ce, aiki sai da bizar Z da izinin aiki. Wanda aka kama yana aiki ba izini, tara ce daga yuan (kuɗin Chana) 5,000 zuwa 20,000, in abin ya yi tsanani a tsare shi kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya tasa ƙeyarsa gida. Izinin malamin Turanci kuma a aikace fasfon Amurka, Ingila, Kanada, Ostareliya, Afirka ta Kudu da makamantansu aka fi ba. Farkon zuwana wata cibiya ta ce za ta ɗauke ni in na yarda in riƙa ce wa iyaye daga Amurka nake. Na sa takalmina na fito.

In karatun kake so da gaske, nemi tallafin gwamnatin Chana, CSC. Ana ɗauke maka kuɗin makaranta da ɗaki, ɗalibin digiri na biyu yana karɓar yuan 3,000 a wata, na digirin digirgir 3,500. Ba za ka gina wa Hajiya gida da shi ba, amma za ka ci ka ƙoshi ba tare da kana waiwayen ɗan sanda ba. Ka soma koyon Sinanci tun kana gida, ka sa ran kaiwa mataki na huɗu a jarrabawar HSK ta auna ƙwarewar Sinanci. 'Yan kasuwarmu da ke sauka Guangzhou kullum neman wanda ya iya Hausa da Sinanci suke yi, shi ma dai sai ka gama, da takardar izini a hannu.

Turo min hoton sakamakonka da na fasfo in duba jami'o'in da suka dace da kai. Ka sauke WeChat, don WhatsApp a nan sai da dabara. A gaida Hajiya da su Baba.