Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Faɗuwar Gaba da Firgicin da Ke Zuwa Ba Sallama

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato faɗuwar gaba da firgici. Na zaɓi huɗu, na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ni matar aure ce daga Funtuwa, shekarata 34. Wata uku da suka wuce ina tsaka da tuƙa tuwo da magariba sai zuciyata ta hau dukan uku-uku, numfashina ya sarƙe, yatsuna suka mutu, har na fara kalmar shahada. Aka kai ni asibiti, aka auna jini da zuciya, aka ce lafiyata ƙalau. Daga lokacin abin ya dawo sau biyar. Surukata ta ce iska ce. Yanzu ko gidan biki ba na zuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da ciwon firgici, kuma ba raki ba ne, a jikinki yake faruwa da gaske.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke zubo sinadarin adiranalin cikin jini idan an ga haɗari. Da maciji zai faɗo miki daga azara, sinadarin nan ne zai sa zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, gumi ya keto, domin ki samu ƙarfin zurawa da gudu. A ciwon firgici duk wannan shirin na tashi alhali babu macijin. Saurin numfashin kuma yana rage iskar kabon da ke cikin jini, shi ne yatsu da leɓɓa ke yin kamar sun mutu, jiri ya biyo baya. Da kin ji haka sai ranki ya ce mutuwa ce ta zo, tsoron ya ƙara zubo sinadarin, abu ya yi ta ciyar da kansa. Yawanci yakan kai ƙololuwa cikin minti 10, ya lafa kafin rabin awa, ya bar mutum a galabaice. Shi kansa firgicin ba ya tsayar da zuciya.

A nan sai na ɗora mana laifi mu likitoci. Mace ta zo tana ganin kabari, mu duba takarda mu ce "ba komai, je ki gida". To, ita ta san akwai komai. Dole ta nemi wanda zai raɗa wa abin suna, kuma surukarki ta riga mu. Ban hana ki addu'a da azkar ba, natsuwar da suke kawowa ma taimako ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rufe ki a ɗaki da hayaƙi, ko a dake ki da sunan fitar da aljani.

Ki koma asibiti sau ɗaya ki tambaya ko an duba ƙarancin jini, da sukari, da kuma aikin tayirod, tsokar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo. In ta yi aiki fiye da kima tana kawo irin waɗannan alamu. Idan duk sun fito daidai, ki daina yawon gwaji, ki koyi tarbar abin. Da ya taso ki zauna, ki ɗora hannu a ciki, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali ta baki kamar mai hura koko mai zafi, kina ƙirga shida. Ki riƙa gwadawa kullum bayan sallah lokacin da kike lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Zaman gidan nan kuwa shi ya fi damuna. Duk wurin da kika ƙaurace wa, ƙwaƙwalwa na ɗauka cewa lallai akwai haɗari a can. Ki fara da gidan maƙwabta, sannan barkar suna ta minti 20 tare da wata aminiyarki. In abin ya taso a can, ki daure ki zauna har ya lafa kafin ki tashi.

Tambaya: Likita, ina jiran shago a Kantin Kwari, shekarata 27. Kullum gabana faɗuwa yake, ga rashin barci. Wani mai kemis ya ba ni ƙwayar sa barci da kwantar da hankali mai suna diazepam, wata huɗu ke nan ina sha, yanzu in ban sha ba jikina rawa yake.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yanke shi lokaci ɗaya. Wanda jikinsa ya saba da diazepam in ya daina kwatsam yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Likita ne zai riƙa rage maka shi kaɗan-kaɗan cikin makonni. Maganin 'yan kwanaki ne, ba na watanni ba.

Ba ka faɗa ba, amma zan tambaya: goro nawa kake ci a yini, shayi kofi nawa, lemon ƙarin kuzari gwangwani nawa? Duka suna ɗauke da sinadarin kafeyin mai hana barci, kuma wanda ka sha da la'asar kusan rabinsa na nan a jininka har bayan isha'i. Ka rage su a hankali, ka daina sha bayan azahar. In kana taɓa tiramadol ka faɗa wa likita gaskiya, domin yana karo da magungunan da za a iya ba ka, irin su sertraline ko fluoxetine. Waɗannan ba sa bugarwa, amma sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin a ga cikakken amfaninsu, kuma a makon farko wasu kan ji kamar abin ya ƙaru. A nan ne da yawa ke jefar da su.

Tambaya: Mahaifina shekararsa 58, yana da hawan jini da ciwon sukari. Jiya ƙirjinsa ya riƙe yana gumi. Firgici ne?

Amsa: Ku kai shi asibiti yau, a yi masa gwajin zuciya na ECG. Mai irin shekarunsa da waɗannan cututtuka ba a ce masa firgici sai an tabbatar zuciyar lafiya take, balle in ciwon na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko yana tasowa in ya yi tafiya.

Tambaya: Likita, 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu bara, yanzu muna Gusau. Da na ji ƙarar babura da dare sai jikina ya ɗau kyarma, ina mafarkin ranar. Matata ta ce in je asibiti, ni kuma ina kunyar a ce na haukace.

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri, ya jiƙan waɗanda aka rasa. Naka ya bambanta da na Hajiyar Funtuwa, domin kai ka ga macijin da idonka. Wannan raunin da tashin hankali ke bari ne a zuciya, kuma tunda ya wuce wata guda yana hana ka sakat, ya kai a nemi magani. Babban maganinsa zama ne da ƙwararre, mako-mako, ana warware abin da ya faru daki-daki har ƙarar babur ta koma ƙarar babur kawai. Wani lokaci a haɗa da ƙwaya.

Maganar hauka kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Mafi yawan masu zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa da ƙafarsu suke zuwa, su koma bakin sana'arsu a ranar. Fara da babban asibitin da ke kusa da kai ka nemi a tura ka sashen ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta Jihar Sakkwato, da Barnawa a Kaduna, da Maiduguri. In har ka taɓa jin gara ka kashe kanka, kada ka jira ranar ganin likita, ka faɗa wa wani na kusa ku tafi a ranar. Ka tafi tare da maiɗakinka, ita ce ke ganin yadda kake kwana, kuma za ta tuna abin da kai za ka ji nauyin faɗa.