Shin shigar sojojin waje yaƙin basasa na kawo nasara?

Tambaya: Malam, Rasha ta shiga yaƙin Siriya ta ceci shugaban ƙasar, Bashar al-Assad, amma daga baya gwamnatinsa ta rushe cikin ƙasa da mako biyu. Shin katsalandan na sojojin waje na kawo nasara ne, ko tsawaita yaƙi kawai yake yi?

Amsa: Yana sauya wanda ke da rinjaye, wani lokaci cikin 'yan watanni. Sai dai rinjayen ba na wanda aka taimaka ba ne, na ubangidansa ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

A shekarar 2015 ruwa ya kusa ƙare wa Assad. Birnin Idlib ya faɗa hannun 'yan tawaye a watan Maris, mayaƙan IS suka kwace Palmyra a Mayu. Ranar 30 ga Satumba jiragen yaƙin Rasha suka fara luguden wuta daga sansanin Hmeimim da ke kusa da Latakiya, yayin da Iran da Hizbullah suka riƙe fagen daga a ƙasa. Zuwa Disambar 2016 gabashin Aleppo ya koma hannun gwamnati. Abin da Rasha ta kawo shi ne abin da 'yan tawaye ba su da maganinsa: iko da sararin sama.

To amma jirgin sama ba ya biyan soja albashi, ba ya sa shi yarda ya mutu saboda shugabansa. Shekaru suka shuɗe Assad bai gyara rundunarsa ba, bai sasanta da 'yan adawa ba, saboda ya ɗauka iyayen gidansa na nan daram. Sai Rasha ta tsunduma yaƙin Yukren a 2022, Isra'ila ta karya lagon Hizbullah ta kashe shugabanta Hassan Nasrallah a Satumbar 2024. Da 'yan tawaye suka taso ranar 27 ga Nuwamba, sojoji suka riƙa tuɓe kaki suna jefarwa a bakin titi. Ranar 8 ga Disamba Damaskas ta faɗi, Assad ya tsere Mosko. Haka ta faru da Najibullah, shugaban Afganistan da Tarayyar Sobiyet ta mara wa baya: ya jure bayan ficewar sojojin Tarayyar Sobiyet a 1989, amma da kuɗi da man fetur suka daina zuwa daga Mosko, ya faɗi a 1992.

Kan batun tsawaita yaƙi, zatonka na kan hanya, kuma a nan abin ya fi ci mini rai. Ɓangaren da ya san gobe za a sauke masa makamai ba shi da dalilin zama teburin sulhu. Wanda ke turo makaman kuwa ba garinsa ake rusawa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta fararen hula sama da 306,000 ne aka kashe a Siriya tsakanin 2011 da 2021, amma a tattaunawar sulhun Siriya da aka yi a Astana, babban birnin Kazakistan, masu faɗa a ji su ne Rasha da Turkiyya da Iran.

Libiya ta nuna yadda abin ke kasancewa idan kowane ɓangare na da nasa ubangidan. Khalifa Haftar, kwamandan dakarun gabashin ƙasar, ya nufi Tarabulus, babban birnin ƙasar, a Afrilun 2019 da goyon bayan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar da sojojin hayar Wagner na Rasha. Turkiyya ta shigo wa gwamnatin Tarabulus da jirage marasa matuƙa samfurin Bayraktar, a Mayun 2020 aka kwace sansanin jiragen yaƙi na al-Watiya daga hannun Haftar, ya ja da baya. A watan Yuni shugaban Masar, Abdel Fattah al-Sisi, ya ce Sirte da Jufra, yankunan da ke hannun Haftar, iyaka ce da ba za a tsallaka ba, kuma a nan yaƙin ya tsaya cak. Yarjejeniyar tsagaita wuta ta Oktoban 2020 ta bai wa mayaƙan waje wata uku su fice. Wa'adin ya cika ba su tafi ba, zaɓen da aka shirya yi a Disambar 2021 ma bai yiwu ba.