Ga mai tambaya kan filin bakin gota

Ƙanena da ka tambayi yadda za ku mai da bolar bakin gotarku wurin hutawa, da inda za ku samo kuɗin, wallahi ka fama mini tsohon miki.

Mu ma haka muka fara a unguwar Mamobi, a Accra, bayan ambaliyar 3 ga Yuni 2015 da ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Circle, mutum sama da 150 suka rasu. Kowa ya ga bolar da muke zubawa a gota ita ke toshe kogin Odaw har tafkin Korle. Muka ɗauki shebur da baro, duk Asabar muna kwasa. Bayan Juma'a a yi karo-karon sidi biyar-biyar, 'yan'uwa na Jamus su ƙara. Muka zuba bencin siminti huɗu, muka dasa darbejiya.

Ranar nan na fito sallar asuba, sai ga bulo jibge a wurin, wani mutum riƙe da takarda wai ya saya. Darbejiyar an tuge ta an jefa gota, saiwa a sama. Hajiya mai koko da ke ba ta ruwa kullum tana tsaye da bokitinta, ta kasa magana. Kuma wa ya yi dillancin? Mutumin kwamitinmu, mai riƙe da littafin kuɗi! Shi ke buɗe taro da addu'a, shi ya fi kowa faɗa in an makara. Har gidana ya ci tuwo ranar sunan 'yata. Da na tare shi sai ya ce, "To Malam, kuna da takarda?" Ba mu da ita. Har yau muna haɗuwa a sahu, ina roƙon Allah ya wanke mini zuciya, abin bai fita ba.

Don haka kada ka karɓi ko pesewa ɗaya sai kun san mai filin. Ku je Lands Commission, hukumar filaye, a bincika, ku gaida sarakunan ƙabilar Ga da sarkin zango, ku ja asambuliman (kansilan unguwarku) a jiki har asambuli, wato ƙaramar hukuma, ta ba ku izini a rubuce. Fatar baki ba ta tsayawa gaban mai bulo.

Maganar kuɗi kuwa, akwai Common Fund, asusun da gwamnati ke raba wa asambuli-asambuli, wanda tsarin mulkin 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Amma ku matsa aikinku ya shiga tsarin shekara huɗu na asambuli, in ba haka ba ku yi ta jin "ku dawo gobe". Akwai kuma GARID, shirin rage ambaliya da gyara unguwanni a Accra, dala miliyan 200 daga Bankin Duniya a 2019 don yankin Odaw, unguwar Nima ma na ciki. Ku tambaya, amma kada ku naɗe hannu kuna jira. Asusu ya zama na sa hannun mutum uku, ɗaya mace. Da Hajiya mai koko ce ta riƙe littafinmu, da ba haka ba.

Na manta, masu wankin babur da masu ɗaure raguna kafin Layya, ku kira su zama tun farko, wurin cin abincinsu ne. Mu mun raina su, ranar da bulo ya sauka ko ɗaya bai ɗaga murya ba. Kuma ku ware kuɗin mai shara da fitila, don wurin da babu haske da dare banɗaki yake komawa.

Ka turo hoton wurin bayan ruwan Yuni mu ga inda ruwa ke kaiwa, kafin ku zuba benci.