Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya a kan dakatar da imatinib

Hajiya, Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya. Kin ce an gano yana da sankarar jini irin wadda likitoci ke kira CML, an ɗora shi a kan maganin imatinib, yanzu ya warware har yana fita kasuwa, dangi kuma sun matsa a ajiye ƙwayar tunda fatarsa ta soma yin haske. Don Allah kada a ajiye. Ni nake jinyar yayana a nan Katsina da wannan ciwon, shekaru ke nan.

A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wasu sinadarai da ake kira tairosin kainas, kusan iri 90 ne a jikin ɗan Adam. Aikinsu isar da saƙo ga ƙwaya, ta rabu biyu ko ta dakata. A mai CML, wani yanki na kuromosom (zaren gado da ke cikin ƙwayar jiki) na 9 da na 22 ne suka yi musaya a ɓargo, sai aka samu gurɓataccen kainas mai suna BCR-ABL. Kamar makunnin wuta ne da ya maƙale a kunne, ba ya kashewa. Shi ya sa fararen ƙwayoyin jini ke ta yawa, saifa ta kumbura, mutum ya riƙa jin cikinsa ya cika tun bai ci loma uku ba. Tun 1960 aka ga guntun kuromosom ɗin da wannan musayar ke haifarwa a Filadelfiya ta Amurka, amma sai 2001 aka amince da imatinib a can.

Abin da dangi ba su gane ba shi ne ƙwayar maganin tana toshe sinadarin BCR-ABL ne kawai, ba ta tumɓuke tushen daga ɓargo. Lafiyar da kike gani, maganin ne ke riƙe da ita. In aka riƙa sha ana bari, ciwon kan samu damar sauya kama har maganin ya daina kama shi, sai an koma irin su dasatinib ko nilotinib, masu tsada da wuyar samu. Akwai waɗanda likita ke dakatar musu, gaskiya ne, amma sai bayan shekaru gwajin BCR-ABL yana nuna kusan babu komai, kuma a ci gaba da auna jini a kai a kai. Ƙirgar jini ta yau da kullum ba ta isa yanke wannan hukunci ba.

Hasken fata kuwa, yayana ma ya yi, har abokansa na Kofar Kaura suka ɗauka mai yake shafawa. Maganin yana taɓa wani kainas ɗin da ke da hannu a launin fata, ba alamar jini na ƙarewa ba ce. Kumburin fatar ido da safe da ɗaurewar jijiyar ƙafa cikin dare su ma sananne ne. Ya sha bayan ya ci abinci sosai, da kofi babba na ruwa, tashin zuciyar zai ragu.

Jiƙe-jiƙen da ake kawowa don zumunci, kada ya haɗa sai likitan jini ya sani, hanta ce ke ɗaukar nauyin duka biyun. In kuɗi ne matsalar, ku tambayi likitansa shirin tallafin da ake bayarwa ta asibitin koyarwa na Ile-Ife. In azumi ya zo kuma, ku zauna da likita a tsayar da lokaci ɗaya, ko sahur ko bayan buɗa-baki.