Amsa ga ƙanena na Garwa mai shirin zuwa karatu Liyon

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai. Ka ce ka gama digirin farko a Jami'ar Ngawundare, an ba ka gurbin digiri na biyu a nan Liyon, ka wuce ganawar Campus France, hukumar da ke kula da masu son zuwa karatu Faransa, a Yawunde, yanzu biza kake jira. Allah ya sanya albarka. Ka tambaye ni abin da za ka fara yi in ka sauka, da kuma ko ɗan aikin da ɗalibai ke yi zai riƙe ka har ka riƙa aika wa Inna wani abu.

Abin da za ka fara yi, tun kana Garwa za ka fara shi: neman ɗaki. A Faransa adireshi shi ne turken da aka ɗaure komai a jikinsa. Banki ba zai buɗe maka asusu ba sai ka kawo shaidar inda kake zaune. Mai gida kuma yana son ganin wanda zai tsaya maka in ka kasa biyan haya, ga kuɗin ajiya na wata ɗaya, ko har biyu in ɗakin da kayansa. Hukumar lafiya da mai ɗaukar aiki duk za su nemi takardar lambar asusunka, wadda ake kira RIB. Kowace takarda tana jiran 'yar'uwarta, kuma a nan ne yaranmu da yawa ke shan wuya, suna yawo da jaka daga ɗakin wannan zuwa na wancan alhali an riga an fara darasi a Satumba.

Ka nemi ɗakin CROUS, hukumar gwamnati mai kula da masaukin ɗalibai, shi ne mafi araha, amma kada ka sa rai da yawa, domin ɗakunan ba su kai yawan masu nema ba, kuma masu tallafin karatu ake fara ba wa. Akwai tsarin da ake kira Visale, kyauta ne, yana tsaya wa ɗalibi a matsayin mai lamuni. Ka cika shi ta intanet da zarar biza ta fito. In kuwa wurin wani za ka sauka tukuna, ka roƙe shi tun yanzu ya rubuta maka takardar shaidar cewa a gidansa kake, ya haɗa da kwafin katinsa da takardar kuɗin wuta. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin ka ga ɗaki ko ka sa hannu a yarjejeniya, ɓarawo ne. Na ga hawayen waɗanda aka yi wa haka, kuɗin da iyaye suka sayar da shanu suka tara.

Da ka sami adireshi, ka shiga intanet ka tabbatar da bizarka. Wata 3 doka ta ba ka daga ranar da ka shigo. In ka bari suka wuce, zamanka ya saɓa doka ko da sunanka na cikin rajistar jami'a. Sai kuɗin CVEC, wato gudummawar hidimomin ɗalibai, ɗan sama da yuro 100, wanda ba a kammala rajista sai da shaidar biyansa, sannan rajistar inshorar lafiya, ita kyauta ce ga ɗalibi. Ka kuma tambayi jami'arka a rubuce ko ta yafe maka ƙarin kuɗin makaranta. Tun 2019 aka ɗora wa 'yan ƙasashen da ba na Tarayyar Turai ba, a lokacin yuro 3,770 a shekara ga digiri na biyu, kuma ba kowace jami'a ke yafewa ba.

Yanzu maganar Inna. Yuro ɗaya sefa 656 ne, shi ya sa in aka ji albashin nan a Garwa sai a ga kamar an warke. Amma yuro 615 a wata da ofishin jakadanci ke so ɗalibi ya nuna a 2025, wato wajen sefa 400,000, ɗaki kaɗai a Liyon yana iya cinye 500 daga ciki. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin awa 964 a shekara, kusan awa 20 ke nan a mako, a kan mafi ƙarancin albashi na wajen yuro 12 a awa kafin a cire abin da ake cirewa. Aikin ma ba a makon farko ake samunsa ba. Don haka ka zo da abin da zai riƙe ka wata uku ba tare da ka jira kowa ba, kuma ka zauna da Inna da su Kawu ka faɗa musu gaskiya: shekarar farko ba ta aike ba ce. Na fi son su ji daga bakinka yanzu. Yaron da ya yi alkawari yakan koma wankin kwanuka da raba kaya har tsakar dare, ya daina shiga aji, ranar sabunta takardar zama kuma sakamakon jarrabawa ake dubawa. In babu ci gaba a karatu, ana iya hana shi.

Akwai abin da takarda ba ta maganinsa. A Garwa ka saba rana ta faɗi wajen ƙarfe shida duk shekara. A nan, cikin Disamba, ƙarfe biyar ta faɗi, kuma ba ta fitowa sai bayan takwas na safe. Azahar da La'asar da Magariba duk za su same ka a aji ko a hanya, sai ka tsara yadda za ka yi tun da wuri. Duhun nan da shiru sun fi sanyin cin rai. Maƙwabcinka zai ce maka sannu a matakala ya wuce, ba don ƙiyayya ba, haka rayuwarsu take. Kada ka kulle kanka a ɗaki kana kallon waya. Ka je Juma'a babban masallacin Liyon, wanda aka buɗe a 1994, ka leƙa unguwar Guillotière inda shagunan 'yan Afirka suke. Za ka ji Hausa da Fillanci a bakin mutanen Nijar da Cadi da namu. Ka kuma yi abokai a ajinku, su ne za su nuna maka yadda malamai ke son a rubuta aiki.

Kada ka sayi rigar sanyi a gida, ta nan ta fi dacewa, kuma akwai gwanjo mai kyau. Ka taho da ainihin takardar haihuwarka da duk shaidun karatunka, a jakar hannu, tare da kwafinsu da hotunan fasfo. Ka zo da yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Kilishi kam ka ci rabonka a gida, domin an hana shigo da nama da kayan madara Tarayyar Turai a cikin kaya, kuma in aka gani a filin jirgi ƙwacewa ake yi. In ka sayi tikiti ka turo mini rana da lambar jirgin, in Allah ya yarda zan tarye ka a filin jirgin Saint-Exupéry.