Jar Masara Tana Ɓoye Fara, Fara Ba Ta Ɓoye Ja

Ka ce ka shuka jar masara zalla, da ka ɓare sai ga fararen ƙwayoyi sun tsittsinke ta, wai ko taki ne ya jawo. Kai yaro, ina ruwan taki? Gado ne.

Kowace ƙwaya gado biyu take ɗauka, na uwa daga gemun da ya kama, na uba daga garin furen da iska ta kawo. Ja ya fi ƙarfi, in ya haɗu da fari sai ya danne shi, amma bai kashe shi ba. Ka shuka irin da ke ɗauke da su biyun, farin zai fito, kusan ɗaya cikin kowace huɗu. Lissafin da wani masanin gadon tsirrai mai suna Mendel ya buga ke nan tun 1866 a kan wake irin na Turawa, malaman aikin gona na Samaru ma shi suke koyarwa. Ni kuwa da dukiyata na saye shi.

Wata shekara wani dillali ya kawo mini iri, ya rantse ja ne tsantsa. Na damƙa na duba a tafin hannu, na ga jan ya ɗan koɗe, ba shi da kaurin launin da na sani. Zuciyata ta ƙi, amma ruwa ya riga ya sauka, ina sauri. Na shuka kadada biyu, na zuba taki buhu-buhu, alhali na yi wa wani alƙawarin iri mai tsabta. Ranar girbi duk wadda muka ɓare kamar an yayyafa mata gishiri. Wanda na yi wa alƙawarin ya tsoma hannu a buhu ɗaya, ya karkaɗe, ya shiga motarsa. Haka na kwashi buhu 40 zuwa kasuwar Giwa na sayar a kuɗin masarar tuwo. Dillalin nan har yau yana gaishe ni a masallaci, wallahi ban huce ba.

Zancen nesanta gonar iri da ta maƙwabta ba sai na faɗa maka ba. Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, waya kuke kallo, ba ku kallon ƙwaya. Wadda ta gaji ja ta gefe guda takan fi haske, ido yana kamawa in an horar da shi. Gobe da sassafe ka zo da guda biyar daga gonar taka, mu zauna mu ƙirga.