Amsa ga Mama: kai Baba Fasto asibiti ba rashin bangaskiya ba ne

Salama, Mama. Na karanta abin da kika rubuto: wata uku ke nan Baba Fasto ba ya barci, abinci sai da lallashi, ranar Lahadi ya yi wa'azi kamar ba komai, ya dawo gida ya kulle kansa a ɗaki. Dattawa kuma sun ce a ƙara azumi, wai zuwa asibiti raina ikon Ubangiji ne. Mama, ki kai shi, cikin makon nan.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, kuma shekara da shekaru ina cikin zumuntar mata. Fastoci da dama sun biyo ta hannuna. Ba na manta wani da ya zo da sassafe, ya cire farar kwalarsa ya cusa a aljihu tun daga bakin ƙofa, ya roƙe ni kada in rubuta Rabaran a katinsa. Ba ciwon ne ya fi ba shi tsoro ba. Tsoronsa kada labari ya kai ga shugabanni a ce ya taɓu, a karɓe ikkilisiya daga hannunsa, gida da kuɗin makarantar yara su tafi tare.

Ki ce wa dattawan su buɗe 1 Sarakuna 19. Iliya, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai tsawata masa a kan ƙarancin bangaskiya ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, daga baya Allah ya yi magana da shi a Dutsen Horeb, aka kuma ba shi Elisha ya taimake shi. Barci da abinci da mai sauraro da mataimaki, su ne dai muke fara nema wa mai ciwon damuwa a asibiti. Mutumin da ba ya ci, don Allah, ina za a ɗora masa azumi? Ku ku yi a madadinsa.

'Yan'uwanmu na cocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, sun riga mu gane wannan. Bayan Boko Haram ta kama hedkwatarsu a Kwarhi a Oktoban 2014, sun shirya tarukan warkar da raunin zuciya har da na fastoci, domin wanda ya binne membobinsa da hannunsa shi ma mai rauni ne.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Sakkwato, akwai kuma sashen a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH). Za su duba suga da hawan jini da sauran jiki tukuna. Idan aka ba da magani, yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga sauƙi, kuma kada ya daina don wani ya ce an riga an yi addu'a. Ku nemi zama da masanin halayyar ɗan adam ma, ku faɗa masa Baba mai bi ne, yana son addu'a ta kasance cikin jinyarsa. Na kirki ba zai hana ba.

In kin taɓa jin ya ce gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, ki kwashe fiya-fiya da maganin feshin gona daga gidan, ku tafi asibiti yau.

Sai aikin da ya rataya a wuyan dattawa, wanda ya fi damuna. Ki zaɓi mutum ɗaya a cikinsu mai riƙe sirri, ki gaya masa gaskiya. Su ba Baba hutu da cikakken albashinsa, su raba wa'azi da ziyara da jana'iza a tsakaninsu, su kuma tabbatar masa da bakinsu cewa aikinsa yana nan yana jiransa. Kada a sanar a coci wai don a taya shi addu'a, sai in shi ya yarda. Ke ma, Mama, ki kira wata 'yar'uwa ta zo ta kwana biyu, ki samu ki runtsa.